Neman Sunan Hatsari Daga Jega Zuwa Maiyama

Tun da na dawo daga ƙasar Kabi ba a bar ni na huta ba. A gidan biki a tambaye ni, a islamiyya a tambaye ni, har maƙwabciyata da ba ta taɓa tambayar lafiyar gwiwata ba ta aiko tana son jin ko da gaske na shiga kwalekwale. Na shiga, kuma sau biyu, don bayan na haye sai da na dawo. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai gulbin ya ƙara faɗi a bakina, shi ya sa na ce bari in rubuta tun gaskiyar tana nan yadda take.

Ga yadda abin ya faro. Na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo kafin in yi ritaya, don haka har yau idan wata takarda ta gagari mutane sukan tuna da ni. Wannan karon ofishin da ke kula da sufurin ruwa ne ya aiko mini da fom na ba da rahoton hatsarin jirgi, wai in mayar da shi Hausa. Damuwarsu ita ce kowane ma'aikaci da kalmar da yake rubutawa. Abu ɗaya zai faru, wannan ya rubuta jirgi ya kife, wancan ya ce ya nutse, na uku ya ce karo ya yi, sai a ofis a rasa hatsari ɗaya ne ko uku. Suna so a tsayar da kalmomi, kowace da ma'anarta. Kuma maganar ba ta wasa ba ce, don da waɗannan rahotanni za su zaɓi mashigan da za a tura wa inji ya share kafin ruwa ya cika. Mashigin da babu shi a takarda sai dai ya jira baɗi.

Fom ɗin kuwa aro shi aka yi daga wata ƙasa inda mutane ke shiga jirgi don shan iska kawai. Akwai layin da ke tambaya ko wanda ya ji rauni yana tsaye ne a kan katako jirgi na jan sa da igiya. Sau uku na karanta wannan layin. Na ce musu ni Bakanuwa ce, ruwan da na sani shi ne na 'yan garuwa, ba zan zauna a Gwammaja in ƙirƙiro wa masu jirgi kalmomi ba. Suka ce to ai sai in je in tambayo su, mu haɗu a Maiyama ranar Alhamis a zauna a sa hannu. Bakina ne ya ja mini, ba ni da wanda zan kai ƙara.

Ranar Litinin da sassafe na shiga mota. Hanyar Gusau ba sai na bayyana ta ba. Daga wani wuri hira ta mutu, direba ya kashe rediyo, kowa ya ciro carbi, har wani saurayi da tun daga tasha yake damun mu da waya. Da muka shiga Sakkwato baki ya dawo wa kowa. A nan na canja mota zuwa Jega, aka matse ni kusa da wani dattijo da aka naɗe wa hannu da tsumma, yana riƙe da shi a ƙirji kamar jariri. Ya ce daga Funtuwa yake, ya faɗo daga kan rufi, Aliero za shi wajen masu ɗori. Na ce duk asibitocin da ya wuce fa? Ya dube ni da tausayi, ya ce Hajiya, ai karaya ce.

Bayan Tambuwal aka tsayar da mu a shingen shiga jihar Kabi. Wani jami'i ya buɗe but ɗin motar, ya dafa buhuna.

"Hajiya, mi kid ɗauko cikin buhun ga?"

Na ce tsaraba ce. A lokacin albasa ta yi tsada a Kano, matar da ta ba ka uku ta ƙaunace ka, shi ne na ga babu abin da ya fi in kai wa masu masaukina rabin buhu. Ya kwance bakin buhun, ya leƙa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Albasa kik kawo ma mutanen Aliero?"

Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya, har dattijon Funtuwa, yana dariya yana cije baki don zafin hannu. Ban gane ba sai da muka ƙara gaba na fara ganin rumfunan ajiyar albasa jere a gefen hanya, warinta na shigowa ta taga. Direba ya ce wataƙila ma albasar tawa 'yar nan ce, Kano ta je ci rani na dawo da ita gida. Na ji kunya ƙwarai, amma ban bar buhuna ba.

A tashar Jega Malam Nasiru yake jira na, ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka haɗa ni da shi, dogo siriri mai yawan ba da haƙuri tun ba a yi masa laifi ba. Ya ce bari ya kira kabu-kabu. Na tsaya ina hangen mota sai ga babura biyu. Abin da muke ce wa acaɓa ke nan. Na hau da bismillah, buhun albasa a kan tanki, muka nufi gidan yayarsa Inno, inda zan sauka.

Inno ta karɓi albasar hannu biyu, ta yi godiya kamar zinariya na kawo, sai da na shiga ɗakin da ta ba ni na ga tarin tasu a kusurwa ya kusa kai mini ƙugu. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin kuma ba irin namu na Kano ba da ake wa mutum gutsure ɗaya a ce ya gode. Da safe ta ba ni hoce, wata waina ce ta dawa mai ɗan tsami da tauri, wadda suka ce matafiyi kan yi kwanaki da ita a jaka. Haƙorana ba su ji daɗinta ba, amma ta riƙe mini ciki har la'asar. Matan gidan kuwa sun mai da ni rediyo. Duk abin da na faɗa sai wata ta maimaita da muryata su fashe da dariya, wai Kanawa suna magana kamar ana korar su. Ni ma na rama, na ce su kuma sun bi duk wata fa ta duniya sun mai da ita hwa.

Ranar Talata muka bi hanyar Gehuru, muka wuce garin kaɗan zuwa wani mashigi. Damina ta fara sauka, manoma na ta shuka, gulbin ya soma kawo ruwa ja. A gindin wata bishiya muka tarar da Sarkin Jirgi, Baba Arzika, yana cusa tsumma a tsagar wani kwalekwale da bakin wuƙa. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, kuma bai ajiye aikinsa don mu ba. Na gaishe shi, na ce na zo koyon karatu. Wannan ta yi masa daɗi.

Na fara da kifewa da nutsewa. Ya ce ai ko kusa ba ɗaya ba ne.

"Kihewa, jirgi shi juye, ciki ƙasa, baya bisa, mutane su zube. Nutsewa, shina nan zamne daidai, ruwa na shiga har shi tahi ƙasa da kowa. Na hwarko iska ko motsin mutane. Na biyu kaya, ko ɓula."

Ya ƙara mini wasu da ban zo da su ba. Jirgi ya sha ruwa, wato ya ɗiba amma an kwashe an kai gaɓa. Jirgi ya zauna, wato ya hau rairayi ya ƙi motsi. Jirgi ya tsage. Ga kuma mutum ya faɗa ruwa alhali jirgin lafiya lau, wanda ya ce yawanci 'yan birni ne masu miƙewa tsaye su ɗauki hoto. Ina rubutawa cike da murna, rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina ɗakin labarai. Na tambaye shi wanda ruwa ya tafi da shi ba a gan shi ba, a rubuta ya rasu? Ya ajiye wuƙar. Ya ce su ba sa cewa haka sai an same shi an yi masa wanka, kafin nan ya ɓata ne, kuma duk wanda ya rubuta wa uwa cewa ɗanta ya rasu ba ta ga gawa ba, ba zai ƙara shan ruwa a garin ba. Na ware wa ɓata layinta daban.

Da na karanta masa layin mai katako da igiya sai da ya sa na sake. Ya kira sauran masu jirgi su ma su ji. Wani ya tambaya laifin me mutumin ya yi ake jan sa. Amma da na ce to a nan babu mai shiga jirgi don nishaɗi ke nan, Baba Arzika ya ce akwai. Ranar Sallah samari da 'yan mata kan cika jirgi a zagaya da su, ba inda za su, suna waƙa suna tafi, kuma ya fi jin tsoron wannan rana fiye da ranar kasuwa. Na goge katako da igiya na rubuta yawon Sallah.

Sai na zo tambayar ƙarshe. Na ce Baba, bana hatsari nawa aka yi a mashigin nan?

"Ko guda. Allah ya tsare."

Wata mata ce tsaye a bayanmu tana jiran jirgi, da goyo a baya da babban kwano a ka. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Baba, ƙahwar Inna hwa?"

Baba Arzika ya ci gaba da cusa tsummansa. Ya ce, "Balki, wanga ba hatsari na ba. Wa ya mutu? Allah ya yi muna sutura, mu koma muna kai ƙara tai?"

A nan na fahimci al'adarsu. Idan abu ya faru a ruwa ba a rasa rai ba, godiya ake yi a rufe baki. Yawan faɗarsa kamar raina kyautar Allah ne, kuma tona asirin mai jirgin ne, wanda maƙwabcinka ne. Mu a Kano mutum ya yi tuntuɓe a Kantin Kwari sai unguwa uku ta ji. Ban ce tasu ba ta da kyau ba, har ta burge ni. Amma na ja Balki gefe na tambaye ta.

Mahaifiyarta Habsi ce, mai sayen kifi a tungar masunta da ke hayi, ta soya ta kai kasuwar Jega. Ambaliyar bara ta kawo wani ƙaton ice ta dasa shi a tsakiyar mashigin, saiwarsa ta nutse a rairayi. Da rani ana ganinsa ana kauce masa. Mutanen gari sun sa masa gatari, sun ɗaura masa igiya da shanun noma, igiyar ta tsinke. Da ruwa ya fara zuwa sai ya rufe shi. Sati uku da suka wuce jirgin da Habsi ke ciki ya hau kansa, babur ɗin da aka ɗauko a jirgin ya faɗo mata a cinya. Tana Aliero a kwance. Yanzu Balki ce ke riƙe da sana'ar, ta haye da safe ta dawo da hantsi, kullum, da jaririyarta a baya. Na ce ba gada? Ta ce akwai, amma kafin ta zagaya ta can kifin ya lalace kasuwa ta watse.

Na juya ga Malam Nasiru. Tun ban yi magana ba ya fara ba da haƙuri. Ya ce ya zo washegarin abin da littafinsa. Ya buɗe fom ɗin ya nuna mini layin farko, wanda ni kaina na fassara a Kano ban ko tsaya a kansa ba: hatsarin da ake ba da rahotonsa shi ne wanda aka rasa rai, ko aka kwantar da wani a asibiti. Ya tambaya, babu wanda ya rasu, babu wanda ke asibiti, ya rufe littafi ya koma. A takarda, mashigin nan ya fi ko'ina lafiya.

Baba Arzika ya ce tunda na zo sai in gani da idona. Haka na tsinci kaina a cikin kwalekwale, zaune a ƙasa, na riƙe gefe da hannu biyu, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Balki na gabana, jaririyar ta juyo tana kallona. A tsakiya tsohon ya rage tuƙi ya nuna da haɓa. Ni ban ga komai ba. Sai da ya ce in dubi inda ruwan ke ɗan naɗewa, kamar an ja zare a zane. Shi ke nan alamar. Ya ce shi ya san wurin, amma ba shi kaɗai ke tuƙi ba, kuma nan da 'yan makonni ko wannan naɗewar ba za a gani ba. Na ji tsoro na gaske, ba don kaina kawai ba. Har muka kai gaɓa idona na kan ƙafafun yarinyar nan da ke lilo a ƙugun uwarta.

Ranar Laraba muka tafi Aliero. Gidan ɗorin da Habsi take na wani Malam Hali ne, wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa. Ɗakuna ne a jere, kowanne da majinyaci da mai jinya da murhunsu a ƙofa. Na ji Zabarmanci, na ji Yarabanci, na ji Hausar Damagaram. Dattijon Funtuwa na zaune a inuwa an ɗaure masa hannu da karare, ya hango ni ya tambayi lafiyar albasa.

Habsi na kwance a kan tabarma, ƙafarta a miƙe cikin sanduna, an tokare ta da buhunan rairayi. Baƙa ce kakkaura mai murya, kuma daga kwancen take mulkin ɗakin. Ta sa an kawo mini fura, ta yi wa mai jinyarta faɗa a kan ludayi, ta tambaye ni nawa ake sayar da tarwaɗa a Kano ta ce ana cutar mu. Mai jinyar, ƙanwarta ce, ta ce ko ranar da aka ja ƙafar aka daidaita ƙashi, maza biyu na danne da ita, Habsi ba ta yi hawaye ba, zagin mai babur kawai take yi.

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta saurara har na gama.

"Ni tawa ta ƙare, Hajiya. Ƙahwa ta karye, Malam ya ɗora, in Allah ya so in tashi. Ba diyya nika biɗa ba. Ɗiyata ta a can bisa ruwan ga kullum, da jikata. Ni da nis san wurin ga abin da yas same ni. In kunka ce takarda ka kawo inji, to ku sa ni cikin takarda."

Malam Hali ya shigo duba ta, mutum mai sanyin hannu da ƙarancin magana. Na tambaye shi ko ita ce ta farko daga wannan mashigi. Ya ɗan yi tunani ya ce ta huɗu ce tun da ruwa ya fara zuwa. Ya lissafo su, mai ƙashin wuya, mai tsintsiyar hannu, da wani Bafillace mai haƙarƙari, kowa da garinsa da ranar da aka kawo shi. Ba ya rubutu, amma bai manta ƙashin da ya taɓa ba. Malam Nasiru ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai.

Ranar Alhamis muka isa Maiyama da hantsi, bayan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya yi faci sau ɗaya, na tsaya a gefen gonar gero ina gaisawa da masu shuka. An yi taron a wani ɗaki na sakatariya mai fanka ɗaya. Mutum goma sha wani abu ne, ma'aikata daga ƙananan hukumomi uku, sarakunan jirgi biyu har da Baba Arzika cikin babbar riga, limami guda, da Darakta da ya zo daga babban ofis. Kalmomin jirgi sun wuce ba gardama. Kifewa, nutsewa, shan ruwa, zama, tsagewa, karo da abin da ke ƙarƙashin ruwa, faɗawar mutum, ɓata. Limamin ya yaba da raba ɓata da rasuwa. An ɗan yi musu a kan yawon Sallah, aka bar shi.

Da muka zo layin farko na ce ina so a canja shi. A rubuta cewa mai rauni shi ne duk wanda abin ya hana shi komawa aikinsa, ko asibiti aka kai shi, ko gidan ɗori, ko ɗakinsa.

Darakta ya girgiza kai. Mutum ne mai natsuwa, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce asibiti na ba da takarda mai hatimi. Idan aka buɗe wannan ƙofa kowane gari zai kawo ciwon bayan kakarsa ya ce jirgi ne, don a tura masa inji, kuma injin ɗaya ne. Wasu suka gyaɗa kai. Na dubi Baba Arzika ko zai taimake ni, ya kafe idonsa a kan fanka. Raina ya ɓaci, na ji zuciyar ɗakin labarai na taso mini, wadda ta sa aka yi mini canjin wurin aiki sau biyu.

Na haɗiye ta. Ina kallon Darakta yana juya biro, sai na lura hannunsa na dama ba ya lanƙwasuwa sosai daga tsintsiya, da kafaɗa yake juya shi. Na ce ranka ya daɗe, a ba ni izinin tambaya ɗaya. Duk wanda ya taɓa karaya a ɗakin nan, ko ɗansa ko matarsa, ya ɗaga hannu.

Aka dubi juna. Hannu ya fara tashi ɗaya bayan ɗaya, har na liman. Kusan kowa. Darakta ya ɗan jinkirta, sannan ya ɗaga nasa.

Na ce to wanda aka kai asibiti ya bar hannunsa a sama.

Duk suka sauka. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ɗakin ya ɗauka. Darakta bai yi dariya ba da farko. Ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya ce babur ne, yana saurayi, kwana arba'in ya yi a Aliero, kuma har yau ba shi da takardar da za ta nuna ya taɓa karyewa. Sannan ya murmusa ya ce Hajiya, Kanawa ba ku da dama.

A nan Baba Arzika ya yi gyaran murya. Ya ce shi har yanzu bai ga kyan mutum ya tsira ya koma yana shela ba. Amma ya kwana biyu yana tunani, in shirunsu ne ya bar icen nan a ruwa, to ranar da ya ci rai ba zai iya cewa bai sani ba. Ya ce a rubuta, shi zai sa hannu a kan na mashiginsa. Aka daidaita cewa inda babu takardar asibiti, shaidar mai ɗori da ta sarkin jirgi sun isa, su biyun tare. Darakta ya sa Malam Nasiru ya cika fom huɗu kafin a tashi, ya ce mashigin da ke da huɗu cikin wata guda ba ya buƙatar muhawara, yana cikin na farko da injin zai je.

Washegari a hanyar komawa na sa direba ya ajiye ni a Aliero, don Malam Hali ya dangwala yatsa a fom ɗin. Ya dangwala a kan huɗun. Na shiga wajen Habsi na tarar Balki ta zo dubiya, jaririyar na rarrafe a gefen tabarma. Na gaya musu an sa mashigin a layi. Balki ta rufe fuska da mayafi. Habsi kuwa ta ce ba ta yarda da labarin baki ba, in karanta mata abin da aka rubuta.

Na karanta. Suna, Habsi. Sana'a, sayar da kifi. Irin hatsari, karo da abin da ke ƙarƙashin ruwa. Rauni, karaya a cinyar dama. Inda ake jinya, gidan ɗori, Aliero.

Ta ce in sake. Na sake. Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ta riƙe ta a juye, tana shafa wurin da Malam Hali ya dangwala.

"Ashe sai yau nik karye," in ji ta.

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Matar da aka ja wa ƙashi ba ta yi hawaye ba ta jawo jikarta ta kifa fuska a bayan yarinyar, kafaɗunta na rawa. Ƙanwarta ta tashi a hankali ta saki labulen ƙofa.